Baƙin kaboyi mai waƙa: abin da The Bronze Buckaroo ya iya da abin da ya kauce wa

A shekarar 1939 Holiwud ta fitar da Stagecoach, fim ɗin da ya ciro John Wayne daga ƙananan fina-finan kaboyi ya mai da shi babban tauraro. A shekarar ce kuma aka fitar da Gone with the Wind, wanda da aka zo bikin fara nuna shi a birnin Atlanta, baƙaƙen fatar da suka fito a cikinsa ba su samu halarta ba, saboda dokokin wariyar launin fata na jihar Jojiya. A tsakanin waɗannan giwaye biyu wani ɗan ƙaramin fim ya fito, wanda bai cika awa guda ba, kuma manyan jaridu ba su ko waiwaye shi ba. Sunansa The Bronze Buckaroo. Fim ne na kaboyi mai waƙa irin wanda ake yayi a lokacin, sai dai tun daga jarumi har bos, da mai gona da mai sayar da giya da jami'in tsaro, kowa a cikinsa baƙar fata ne.

Labarin gajere ne. Bob Blake, wanda Herb Jeffries ya fito a matsayinsa, ya taso da yaransa a kan dawakai zuwa Arizona domin amsa kiran abokinsa Joe Jackson. Ya tarar Joe ya ɓata, sai 'yar'uwarsa Betty kaɗai a gandun kiwonsu, ga shi kuma an riga an kashe mahaifinsu. Maƙwabcinsu Buck Thorne ya matsa lamba a sayar masa da filin, saboda ya san akwai zinariya a ƙarƙashinsa. Shi ne ya sa aka sace Joe, kuma babban ɗan dabarsa Pete ne ke aiwatar da aika-aikar. A gefe guda ga Dusty, na hannun daman Bob, wanda wani ma'aikacin gandun mai suna Slim Perkins ya damfara. Slim ya koyi yin magana ba tare da motsa baki ba, har a zaci daga wani wuri muryar ke fitowa, sai ya sa Dusty ya yarda cewa wani alfadari yana magana, ya sayar masa da shi. Daga nan sai faɗa a mashaya, sai sukuwa, sai harbe-harbe a cikin duwatsu, a kuɓutar da Joe da Betty. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ko da ɗaya ne ya san inda za a ƙare tun kafin a kai rabi.

Ba za a fahimci abin da ya sa aka yi shi a haka ba sai an san kasuwar da ya shigo. Da fim mai sauti ya zo a ƙarshen shekarun 1920, ƙananan kamfanoni sun gano cewa waƙa ta fi harbi da sukuwa arha. Minti uku na mutum riƙe da jita a bakin wuta ba ya buƙatar dawakai ashirin ko masu faɗowa daga kan rufi, kuma waƙar da aka ji a silima za a je a sayi faifanta. Tun 1933 aka gwada John Wayne a matsayin kaboyi mai waƙa, amma da muryar aro, abin bai yi armashi ba. Gene Autry, wanda dama mawaƙin rediyo ne, shi ya kafa harsashin a 1935 tare da kamfanin Republic. Tex Ritter ya biyo baya a 1936, Roy Rogers a 1938. Tsarin ya zama kamar an zana shi a allo: jarumi mai tsafta da doki mai suna, aboki mai ban dariya, budurwar da ake son ƙwace wa gado, attajirin gari wanda a ƙarshe shi ne ɓarawon, da waƙa nan da can.

A kudancin Amurka kuwa, baƙar fata ko dai ya hau can saman bene na gidan silima ta wata ƙofa dabam, ko ya jira wani dare da aka ware masa, ko ya tafi gidajen silima na unguwannin baƙaƙe. Domin waɗannan gidaje aka riƙa yin wasu fina-finai na musamman a wajen manyan kamfanoni, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin 500 daga wajen 1915 zuwa farkon shekarun 1950, kuma mafi yawansu sun salwanta. Jeffries, haifaffen Detroit a 1913, ya zaga kudu yana waƙa da ƙungiyar makaɗan Earl Hines. A can ya ga yaran baƙaƙe sun cika silima suna kallon fararen kaboyi, ba ko ɗaya mai kama da su a kan doki. Kamar yadda ya riƙa ba da labari daga baya, wannan ne ya sa ya shiga neman wanda zai zuba kuɗi a yi musu nasu, har ya dace da wani furodusa mai suna Jed Buell, aka yi Harlem on the Prairie a 1937. Uku suka biyo baya a hannun darakta Richard C. Kahn, kuma The Bronze Buckaroo na cikinsu. A jikin takardun talla an rubuta sunansa Herbert Jeffrey.

Babban abin da fim ɗin ya iya shi ne abin da bai furta ba. Daga farko har ƙarshe babu wanda ya tsaya ya yi lacca a kan launin fata. Ba a nuna wani farar fata yana zalunci ba, ba a nuna wani yana jin ƙai ba, babu su kwata-kwata. Baƙar fata ne ya mallaki fili, baƙar fata ne ke son ƙwacewa, baƙar fata ne ya zo ya hana, kuma baƙar fata ne ke riƙe da doka. Yau wannan ba zai girgiza kowa ba. Amma a tuna da irin matsayin da Holiwud ke bai wa baƙaƙe a lokacin: kuku, baiwar ɗaki, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, ko bawan da ke kuka don an ci ubangijinsa da yaƙi. Ɗaya daga cikin baƙaƙen 'yan wasan da suka fi samun kuɗi a shekarun, Stepin Fetchit, ya yi suna ne da fitowa a matsayin malalaci mai jan magana da jan ƙafa. Sai ga Bob Blake, dogo, mai siririn gashin baki, da farar malafa da bindiga biyu a ƙugu, bisa farin dokinsa Stardusk. Yana magana a natse, ba ya sunkuyar da kai ga kowa, ba ya zare ido don tsoro, idan ya shiga mashaya kowa ya san wani ya shigo. Yaron da ya biya kuɗin tikiti a wani ƙauyen Misisipi ya ga mutum irin nasa yana dukan azzalumi a bainar jama'a, babu wanda ya zo ya rataye shi a bishiya. A wancan zamani wannan kaɗai ya isa kuɗin tikitin.

Na fi ganin ƙarfin wannan a wurin bos fiye da wurin jarumi. Mutanen da aka daɗe ana ƙasƙantarwa sukan so a nuna su duk na kirki ne, a rama musu. Fim ɗin bai faɗa wannan rami ba. Buck Thorne mugu ne mai lafazi mai daɗi, Pete kuwa ɗan daba ne da zai harbe abokin cacarsa a kan karta ya ci gaba da harkarsa. An ba wa baƙar fata damar zama mugu don son dukiya, kamar kowane ɗan Adam, ba don wai halin jinsinsa ke nan ba. Gari ne cikakke mai nagari da mugu.

Sai murya. A nan Jeffries bai da abin jin kunya a gaban kowane kaboyi mai waƙa na zamaninsa. Autry yana da siririyar murya mai fita ta hanci, irin ta mawaƙan karkara, mai daɗin saurare amma ba mai faɗi ba. Jeffries daga gidajen rawa na Shikago ya fito, muryarsa mai kauri ce da santsi, ya iya jan numfashi, ya iya jinkirta kalma ta faɗo bayan kiɗa kaɗan yadda mawaƙan jaz ke yi. Ga kuma 'yan amshinsa, ƙungiyar Four Tones, waɗanda salon haɗa muryarsu ya fi kusa da na coci da na kulob ɗin dare fiye da na makiyayan Teksas. Idan suka zauna suna waƙar jiran ranar albashi, abin da kunne ke ji ba kwaikwayon Autry ba ne. Kalmomin na kaboyi ne, shanu da sirdi da daji, amma lugudensu na Harlem ne, unguwar baƙaƙe a birnin Niyok. A duk fim ɗin, wannan ne wurin da aka ɗauki kayan aro aka mai da shi na gida.

Abin takaici, waƙoƙin ba su da yawa, kuma ba su da aiki a cikin labarin. An sace abokinka, an kashe mahaifinsa, ba ka san ko yana raye ba, amma yaranka na zaune suna rera waƙa kamar ranar biki. Masu kallon fina-finan Hausa sun san wannan gardama sarai, ta waƙar da ke tsayar da labari a tafi lambu a dawo. Fina-finan Autry ma suna da wannan, sai dai su sun nemo dabara: sukan mai da shi mawaƙin rediyo ko ɗan tawagar masu tallar magani, ta yadda waƙar ta zama sana'arsa a cikin labarin, wani lokaci ma da ita yake shawo kan jama'ar gari su daina tsoron azzalumi. Bob Blake ba shi da irin wannan uzuri. Yana waƙa ne saboda Herb Jeffries mawaƙi ne. Da za a yanke waƙoƙin duka, labarin ba zai rasa komai ba, fim ɗin kuwa zai rasa mafi kyawun abin da yake da shi. Wannan alama ce ta rubutun da ba a zauna an yi masa tunani ba.

Akwai aibobin da talauci ya jawo, kuma ba zan daɗe a kansu ba. An ɗauki fim ɗin cikin 'yan kwanaki. Kyamara takan tsaya wuri guda mutane su jeru a gabanta su yi magana bi da bi. Sauti yakan dushe idan ɗan wasa ya juya wa makirufo baya. A wurin dambe ana ganin naushi ya wuce ta gefen fuska mutum ya faɗi. Ana nuna sukuwa mai tsawo daga hagu zuwa dama, a sake nuna ta daga dama zuwa hagu, don a cika lokaci. Wasu daga cikin ƙananan 'yan wasan haddar magana kawai suke kawowa. Kwafin da ya rage a yau, wanda ke yawo a intanet, ya sha jiki, ya ƙara wa abin duhu da ƙara. Duk wannan gaskiya ne, amma ƙananan fina-finan kaboyi na fararen ma da ake yi a lungunan Holiwud haka suke, kuma su sun fi samun kuɗi. Wanda ya zo yana auna wannan fim da Stagecoach bai yi adalci ba.

Wurin da aka ɗauke shi ma yana da nasa labari. Gandun shaƙatawa ne na wasu ma'aurata baƙaƙe, N. B. Murray da matarsa Lela, a hamadar da ke kusa da Victorville a Kalifoniya. Yana cikin wurare ƙalilan a yammacin Amurka da baƙar fata zai je ya kwana ya hau doki ba a kore shi ba, kuma zakaran damben duniya Joe Louis ya sauka a can. Duwatsu da busassun itatuwan wurin sun ba fim ɗin faɗin da kuɗi ba su saya masa ba. Duk lokacin da aka fita waje fim ɗin yakan yi numfashi, da an koma cikin ɗaki sai ya takure.

Idan aka duba waɗanda suka fito a ciki, sai a ga irin asarar da wariya ta jawo. Clarence Brooks, wanda ya fito a Buck Thorne, yana cikin mutanen kamfanin Lincoln, ɗaya daga cikin kamfanonin fim na farko mallakar baƙaƙe, wanda aka kafa a 1916. A 1931 ya fito a matsayin likita mai ilimi a fim ɗin Arrowsmith, abin da ba a saba gani ba. Spencer Williams, wato Pete, bayan shekara biyu ya rubuta kuma ya ba da umarnin The Blood of Jesus, wanda yau yana cikin fina-finan da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya keɓe don adanawa. Flournoy Miller, wato Slim, yana cikin waɗanda suka rubuta Shuffle Along, wasan da ya sake buɗe wa baƙaƙe ƙofar manyan dandamalin Niyok a 1921. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. An tara gwanaye an ba su rubutun da bai kai su ba. Williams dai ya ƙwaci nasa da ƙarfi: da ƙaton jikinsa da dariyar mugunta, duk fitowar da ya yi sai ya danne kowa, har da jarumin.

Yanzu ga aibobin da ba talauci ne ya jawo su ba, waɗanda zaɓi ne.

Na farko shi ne barkwancin. Dusty, wanda Lucius Brooks ya fito a matsayinsa, mutum ne mai saurin yarda, mai tsoro, wanda za a ce masa alfadari na magana ya zaro kuɗi ya biya. A mashaya Pete ya tsare shi da bindiga ya cusa masa sigari fiye da ɗaya a baki ya ce ya sha, jama'a na dariya. Mai kare fim ɗin zai ce ai kowane kaboyi mai waƙa yana da irin wannan aboki. Autry yana da Smiley Burnette, mai ƙiba da muryar kwaɗo, kuma babu wanda ya ce an ci zarafin fararen fata. Zai ƙara da cewa a silimar da kowa baƙi ne, dariyar ta cikin gida ce, kuma wanda ya yi damfarar ma baƙi ne mai wayo. Akwai gaskiya a nan. Miller da Lucius Brooks sun iya ba juna magana, kuma wurin cinikin alfadarin yana da ban dariya har yau. Har ila yau wannan shi ne zare ɗaya tilo da marubucin ya ɗaure da kyau, domin jefa muryar da aka fara da ita a matsayin wasa ita ce ta rikita 'yan dabar a faɗan ƙarshe. To amma salon da aka yi amfani da shi, zare ido da karyayyen Turanci da rawar jiki, ba daga sama ya faɗo ba. Ya fito ne daga tsohuwar al'adar dandamali inda fararen fata ke shafa baƙin toka a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe, al'adar da baƙaƙen 'yan wasa da yawa, har da Miller kansa, suka shiga don a nan abinci yake. Burnette wawa ne shi kaɗai. Dusty kuwa yana ɗauke da hoton da aka shekara ɗari ana liƙa wa al'umma guda. Fim ɗin da aka yi don a goge wannan hoto sai ga shi ya ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa.

Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma yana haɗe da shi. A dubi wa aka ba wane matsayi. Jarumi mai hasken fata ne ƙwarai. Budurwar, Artie Young, mai haske ce. Wawa da 'yan daba su ne suka fi duhu. Wannan tsari ya zama ruwan dare a fina-finan baƙaƙe na lokacin, har Oscar Micheaux, babban daraktansu, an sha sukarsa a kai. Lamarin Jeffries ya ƙara rikitarwa. Mahaifiyarsa farar fata ce 'yar asalin Ayalan, kuma shi kansa ya ba da bayanai mabambanta a kan asalin mahaifinsa a tsawon rayuwarsa. Yana da hasken da zai iya shigewa cikin fararen fata, amma ya zaɓi ya yi sana'arsa a matsayin baƙi, ya kwana inda suke kwana ya shiga ta ƙofar da suke shiga. Wannan abin a yaba ne. Amma don ya fito a waɗannan fina-finai sai da aka shafa masa hoda mai duhu, kuma da wuya ya cire malafarsa don kada a ga sumarsa. Ke nan an rasa baƙin da ya iya doki da waƙa a duk faɗin Amurka? Jeffries ya ce an nema, ba a samu wanda ya haɗa hawa da waƙa da wasa ba, shi kuwa ya koyi doki a gonar kakansa a Mishigan. Wataƙila haka ne. Sakamakon dai shi ne yaro mai duhun fata da ke zaune a silima ya samu jarumi, amma wanda ya fi kama da shi a allon shi ne mai sayen alfadari ko mai kisa a wurin caca. An kori farar fata daga labarin, ma'auninsa na kyau da daraja ya zauna daram.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin a nan fim ɗin ya taka dukiya ya wuce bai sani ba. Akwai wurin da Thorne ya sa aka ɗora wa Joe jan ƙarfen da ake yi wa shanu lalas, ya ce idan bai sa hannu a takardar fili ba za a ɗora wa 'yar'uwarsa. A fim ɗin fararen kaboyi wannan wata mugunta ce kawai ta bos. A gaban masu kallo baƙaƙe a 1939 kuwa, shekara 74 kacal bayan soke bauta, akwai tsofaffi a raye da aka haifa bayi, kuma kowa ya san an yi wa mutane lalas kamar dabbobi. Batun tilasta wa mutum ya sa hannu ya bar gonarsa ma ba tatsuniya ba ce. Zuwa 1910 manoma baƙaƙe sun mallaki sama da eka miliyan 15, daga nan filayen suka riƙa zubewa ta hanyar bashi da haraji da takardun bogi da barazanar dare. Tun 1865 aka yi wa 'yantattun bayi alƙawarin eka 40, wanda a bakin jama'a ya zama eka 40 da alfadari, shugaba Andrew Johnson ya soke shi kafin shekarar ta ƙare. Ga fim yana da fili, yana da alfadari, yana da ƙarfen lalas, duk a cikin awa guda, amma bai haɗa ko biyu daga cikinsu ba. Filin dalilin harbi ne kawai, alfadarin kuma abin dariya.

Ana iya cewa shirun nan dole ne. Fim ɗin da za a nuna a Alabama da Jojiya, inda hukumomin tace fina-finai da masu gidajen silima fararen fata ne, ba zai fito ya faɗi wanda ke ƙwace gonakin baƙaƙe ba. Kuma mutumin da ya yini yana shan wulaƙanci ba lallai ne ya so a tuna masa da daddare ba, wataƙila abin da yake so shi ne awa guda a duniyar da babu wannan. Na yarda da wannan har zuwa wani wuri, kuma shi ya sa na lissafa shirun a cikin ƙarfin fim ɗin tun farko. Amma akwai abin da za a iya yi ba tare da tsokanar kowa ba. Baƙaƙen makiyaya ba ƙirƙira ba ne. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa a zamanin da ake koro shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bayan yaƙin basasar Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan baƙaƙe ne. Akwai Nat Love, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1907. Akwai Bass Reeves, wanda aka haifa bawa ya zama mataimakin jami'in tsaro na tarayya a yankin Indiyawan daji na shekaru sama da talatin. Akwai Bill Pickett, wanda ya ƙirƙiro salon kayar da bijimi da hannu a wasannin makiyaya, har ya fito a fim a farkon shekarun 1920. Akwai garuruwa irin su Boley a Oklahoma da Nicodemus a Kansas da baƙaƙe suka kafa da kansu. Babu ƙamshin ko ɗaya daga cikin wannan a The Bronze Buckaroo. Bob Blake bai da kaka, bai da garin da ya fito, bai da dalilin da ya kawo mutanensa yamma. An ɗauko rigar Gene Autry ne aka sa masa, ta kuwa yi masa kyau, amma a gidansu akwai tasa da ba a ɗinka ba.

Betty kuwa ba ta da abin yi sai jira. Ita ke riƙe da gandu bayan an kashe uba an sace ɗan'uwa, wanda ya isa a gina mace mai ƙarfin hali a kansa, amma aikinta a labarin shi ne ta ba da bayani, a sace ta, a ceto ta. Har a ma'aunin lokacin an gaza, domin matan da ke fitowa tare da Autry sau da yawa masu baki ne, suna gardama da shi, wasu ma su ke da gidan rediyo ko jarida.

Mafi yawan wannan yana komawa ga tambayar wa ke riƙe da alƙalami da jaka. Kahn, wanda ya rubuta ya kuma ba da umarni, farar fata ne. Kamfanin Sack na jihar Teksas da ke rarraba irin waɗannan fina-finai a gidajen silimar baƙaƙe na farar fata ne. Su kasuwa suka gani, kuma kasuwar ƙarama ce, gidajen silima 'yan ɗaruruwa da tikiti mai arha, don haka babu dalilin kashe kuɗi ko ɓata lokaci a kan sabon labari. Shaidar wannan tana cikin fim ɗin da ya zo tare da shi a shekarar, Harlem Rides the Range: darakta ɗaya, gandu ɗaya, Bob Blake da Dusty, Clarence Brooks a matsayin mai kwaɗayin filin wani, Artie Young a matsayin 'yar mai filin. Abin da ya canza shi ne ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, an cire zinariya an sa wani ma'adini mai tsada da ake kira radiyom.

Jerin bai wuce fim huɗu ba. Jeffries ya ajiye sirdi ya bi ƙungiyar makaɗan jaz ta Duke Ellington, inda a ƙarshen 1940 ya rera Flamingo, waƙar da ta yi masa sunan da fim bai yi masa ba. Sai da ya tsufa aka dawo ana nemansa a kan kaboyi: ya fitar da faifan waƙoƙin makiyaya a 1995 yana da shekara sama da 80, aka sa masa tauraro a titin girmamawa na Holiwud a 2004, ya rasu a 2014 yana da shekara 100. Fina-finan da ake yi don gidajen silimar baƙaƙe sun mutu a farkon shekarun 1950, lokacin da talabijin ya shigo kuma manyan kamfanoni suka fara ba baƙaƙen 'yan wasa matsayi na mutunci jefi-jefi. Labarin 'yantattun bayi da suka nufi yamma neman ƙasar noma, da mutanen da aka yi hayar su tare musu hanya, sai a 1972 ya samu shiga babban fim ɗin kaboyi, lokacin da Sidney Poitier ya ba da umarnin Buck and the Preacher, shi da Harry Belafonte suka ja ragamarsa.